Ranar da Kwaleji Ta Ce In Zo da Mahaifiyata

Ina da shekara arba'in da shida na koma makaranta. Na fi shekara ashirin ina ɗinki a shagona na Moshi Zongo, na yaye 'yan mata da ban san adadinsu ba, amma duk lokacin da aka zo neman mai koyar da ɗinki a wata cibiya, ko wanda zai ɗinka wa makaranta yunifom, sai a ce in kawo takarda. In ce ga aikina a jikin rabin matan unguwa. Su ce wannan ba ya shiga fayil. Da na gaji, sai na je na yi rajista a wata ƙaramar kwalejin koyon sana'a da ke can bayan Gurugu, sashen ɗinki. Aka ba ni lamba, aka ba ni katin ratayawa a wuya mai hotona ina harara, aka kuma miƙo mini wani ɗan littafi mai koren bango, wai dokokin ɗalibai.

Na karanta shafi biyu na ajiye. An hana sa silifas, an hana cin cingam, an hana waya a aji, an hana fita daga harabar kwaleji lokacin karatu sai da takardar izini, wadda kowa ke kira eksiyat. Wanda ya rubuta littafin 'yan shekara sha takwas ya sa a gaba. Bai san wata rana za a samu ɗaliba mai 'ya'ya biyar da ciwon gwiwa ba.

Ofishin kula da ɗalibai ɗaki ɗaya ne, an raba shi biyu da falanki. Ɓangaren dama na Madam mai ba da shawara ne, wata yarinya siririya mai kirki, sa'ar babbar 'yata. Tana da kujeru biyu, da fure na roba, da kwalin farasitamol. Ko me ka kawo mata, ciwon kai ne ko faɗa da miji ko faɗuwa jarrabawa, za ta karkata kai ta ce, "To, yaya kike ji a ranki?" sannan ta ɓallo maka ƙwaya biyu. Ɓangaren hagu na Masta mai ladabtarwa ne. Falankin bai kai rufi ba. Saboda haka duk sirrin da ɗalibi ya faɗa wa Madam a dama, Masta yana ji a hagu, har wani lokaci ka ji yana gyaran murya daidai wurin da labarin ya yi zafi.

Shi wannan Masta ɗan maƙwabtanmu ne. Ni na ɗinka masa gajeren wandonsa na farko na shiga firamare, kuma ni na sake buɗe ƙugun bayan wata uku saboda cin da yake yi. A unguwa idan ya gan ni sai ya rage tsawo ya ce, "Mma, ina kwana, ya ƙafa?" A kwaleji kuwa da lamba yake kirana, idonsa a kan bango.

Wata Laraba da hantsi muna aji, malama tana nuna mana yadda ake yanka hannun riga, abin da na iya tun kafin a yaye ta, sai wayata ta yi ta rawa a ƙarƙashin hijabina. Na sunkuya kamar ina neman allura, na ɗauka. Surukina ne. Ya ce naƙuda ta kama babbar 'yata, suna asibiti, kuma sunana take ta kira. Haihuwarta ta fari ce.

A yi mini adalci, na bi doka da farko. Na tafi ofis neman eksiyat. Kujerar Masta babu kowa, wai yana mitin. Na leƙa wurin Madam na faɗa mata. Ta dafa ƙirji ta yi mini murna, sannan ta ce ita ba ta da ikon sa hannu, amma in zauna mu jira shi tare.

"Kafin ya zo," in ji ta, "yaya kike ji a ranki?"

"Ina jin tafiya," na ce, na fita.

A bakin get mai gadi, wani tsoho Badagombe da kullum muke gaisawa, ya miƙo hannu ya ce takarda. Na ce 'yata ce ke haihuwa. Ya ce Allah ya sauke ta lafiya, takarda. Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da ɗan Dagbancin da na iya, ya yi ta amsa "Naa, naa" cikin ladabi, makullin kuma yana aljihunsa. Motona, wato babur ɗin da nake zuwa da shi, yana ciki, get a kulle.

Kowane ɗalibi ya san akwai inda katanga ta rushe a bayan banɗakin mata, an ja waya mai ƙaya a wurin. Ta nan 'yan mata ke fita sayen wake da shinkafa. Ban taɓa zaton zan bi ta nan ba. Na tattare zane, na yi bismilla, na ɗora ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi bi. Da ƙyar na mirgina na faɗa waje, waya ta riƙe gefen hijabina ta yage shi. Na tashi na kakkaɓe, na tare yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, sai asibiti. Kafin la'asar an miƙo mini jikata mace, ja wur, tana tsala ihu. Na manta da akwai wata kwaleji a duniya.

Kwaleji ita ba ta manta da ni ba. Washegari ina shiga aka ce Masta na nemana. Na same shi zaune a bayan tebur, a gabansa ga wasiƙa, a kan wasiƙar ga ƙyallen hijabina da aka ciro daga waya, an maƙale shi da fin a matsayin shaida.

"Mma," ya fara, sai ya kama kansa, ya kira lambata. "Laifi uku ne. Amsa waya a aji, fita babu izini, da bin hanyar da ba ta halatta ba. Kwamitin ladabtarwa zai zauna Litinin. Za ki zo da mahaifi ko mahaifiya ko mai kula da ke."

Na dube shi, ya dubi fanka.

"Kai, mahaifina ya rasu kana goye."

"Allah ya ji ƙansa. To mahaifiya."

"Mijina fa?"

Ya buɗe koren littafin ya bi layi da yatsa. "Babu miji a nan." Ko da akwai ma, maigidana yana hanyar Kumasi da motar doya, ba zai dawo ba sai Talata.

"To ni ce mai kula da kaina. Ni nake kula da gida guda."

"Fom ɗin layi biyu ne," ya ce. "Ɗalibi a sama, mai kula a ƙasa. Hannu ɗaya ba zai sa duka biyun ba."

Daga bayan falanki na ji Madam ta ce a hankali, "Barka da samun jika." Shi kuma da zan fita ya rage murya ya ce, "Mma, namiji ne ko mace?"

'Yan ajinmu suka yi mini taron gaggawa a gindin mangwaro. Suka ce in kwantar da hankali, akwai wani mai sayar da agogo a tasha da ke zuwa a matsayin uba. A saya masa tuwon zafi da naman zabo kawai, zai sa babbar riga, ya zo ya yi faɗa a gaban kwamiti, har hawaye yana iya yi. Ya zama uban kusan rabin ajin. Suka nuna mini hotonsa a waya. Na girme shi da aƙalla shekara goma. Ban da haka, Masta ya san mahaifiyata, ya sha kokonta har ya girma.

Sai na tafi Kukuo ranar Asabar. Mahaifiyata, wadda mu ma Mma muke ce mata, tana zaune can a gidan ƙanena, shekarunta sun doshi tamanin, idonta ɗaya ya yi hazo amma kunnenta da bakinta lafiya lau. Duk ƙuruciyarta koko da ƙosai ta sayar a bakin masallacin unguwarmu. Na zata za ta yi dariya, ko ta ce waɗanne marasa kunya ne za su kira uwar 'ya'ya biyar gaban shari'a. Na karanta mata wasiƙar ina fassarawa. Ta ce in sake karanta wurin katangar. Na sake. Sai ta kira matar ƙanena ta ce a ciro mata farin mayafinta na zuwa Idi a goge.

Litinin na ɗauko ta a bayan moto. Duk hanya ba ta ce komai ba sai "rage gudu". A get mai gadi ya buɗe mana ƙofa biyu duka, har da rusunawa.

Kwamitin mutum uku ne: mataimakin shugaban kwaleji, wani dattijo mai tabarau da sanƙo, sai Masta, sai Madam da littafin rubutu. An ajiye wa Mma kujera, ni kuma aka ce in tsaya, hannu a baya. Kafin a fara, Mma ta ƙura wa Masta ido mai kyaun, ta ce, "Ba kai ne ɗan gidan mai gyaran rediyo ba?" Ya rasa yadda zai yi. Ya zagayo teburin ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi uwarsa, da ciwon bayan ubansa, da dalilin da har yanzu bai yi aure ba. Ya koma kujerarsa yana gumi. Ta juya kan mataimaki ta tambaye shi shi kuma ɗan wa ne. Ya ce daga kudu ya zo. Ta ce babu komai, Allah ya yi mu duka.

Masta ya karanta laifuffukan da Turanci, ya maimaita da Hausa saboda ita. Ya ɗaga ƙyallen hijabin ya nuna. Mataimaki ya cire tabarau ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Mma, mun kira ki ne ki ji, kuma ki faɗi abin da ka sani game da halin ɗanki."

Ban taɓa ganin fuskar Mma ta yi haske irin na wannan lokacin ba.

"Katanga?" ta ce. "Ai ba yau ta fara ba."

Ta gyara mayafi ta soma. Ta faɗi yadda ina shekara goma sha biyu na haura katangar gidanmu na tafi kallon rawar simpa, na dawo da takalmi ƙafa ɗaya. Ta faɗi yadda na yanka sabon zanenta na ɗinka wa 'yartsana riga. Ta faɗi ranar da na zubar da tukunyar koko a kwata na ce akuya ce. Wasu na tuna, wasu na rantse na ƙanwata ne, amma ina buɗe baki ta ce, "Kun gani? Ana magana tana magana." Madam tana ta rubutu. Ban san me za ta yi da labarin akuya ba, amma ya shiga fayil.

Da ta gama, ta dubi kusurwoyin ofishin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ina bulalar?"

Mataimaki ya ce ba a duka a nan, an hana.

"To me kuke yi a ɗakin nan tun safe?"

Masta ya yi kamar yana neman wani abu a durowa. Mataimaki ya mayar da tabaransa, ya yi magana da su ƙasa-ƙasa, sannan ya ce kwamiti ya duba dalilin fitar, haihuwa ba wasa ba ce, kuma an tabbatar na je ofis neman izini ban samu kowa ba. Saboda haka gargaɗi kawai za a yi mini da baki, magana ta ƙare.

Na sauke ajiyar zuciya. Na fara cewa na gode.

"Gargaɗi?" in ji Mma. "Kuka sa na hau moto tun daga Kukuo, ƙashina duk ya kwance, don ku ce mata kar ta sake? Wannan ai ni ma na faɗa mata shekara arba'in, ba ta ji ba. Sauran yaran da suka haura me kuke musu?"

Masta ya ce, muryarsa can ciki, "Noman ciyawa, Mma. Yini ɗaya."

"To ita ta fi su ne?"

"Mma," na ce, "jikarki ce fa ke naƙuda."

"Na sani. Da ni ce ma zan haura. Amma da an kama ni sai in yi noman."

Mataimaki ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda lauyansa ya kai shi kurkuku. Ya ce tunda mai kula da ɗaliba ta nema, kwamiti ba zai ƙi ba. Aka rubuta: noman ciyawa, Talata, filin bayan ofis. Na sa hannu a layin sama. Aka kawo tawada Mma ta dangwala babban yatsa a layin ƙasa, ta danna sosai har takardar ta kusa hujewa, ta ɗaga yatsan tana kallo.

Doka ta ce bayan hukunci sai mai kula da ɗalibi ya gana da Madam shi kaɗai. Aka shiga da Mma ɓangaren dama, aka bar ni zaune a na hagu tare da Masta, kowa na kallon ƙasa. Muka ji Madam ta ce, "Mma, yaya kike ji a ranki?"

Na jira in ji an kore ta da baƙar magana. Sai na ji Mma ta sassauta murya.

"'Yata," in ji Mma, "wannan ce rana ta farko da na taka makarantar wani ɗa nawa. Ubansu ne mai zuwa na mazan. Ita wannan, tana aji shida na cire ta, saboda babu mai ɗaukar mini tukunya zuwa bakin masallaci. Malaminsu ya zo gida har sau biyu ya ce yarinyar tana da kai, a bar ta. Na ɓuya a ɗaki na ce a ce ba na nan." Ta yi tari. "Da aka ce makaranta na kirana, na ce ko a kan gadon asibiti nake sai na zo. Ki nuna mini inda take zama."

Masta ya tashi ya fita waje, wai zai duba wani abu. Ni kuma na zauna ina kallon kalandar bango har haruffan suka narke. Na ji ƙarar ɓallo ƙwaya, na ji Mma ta ce, "Na mene ne wannan? To kawo, na gwiwa."

Muka kai ta ajinmu. 'Yan mata suka miƙe suna gaisuwa. Ta shafa keken ɗinkina, ta zauna a kujerata, ta sa aka nuna mata rigar gwaji da na ɗinka wadda malama ta rataye a bango. Ta juya ta ciki, ta bi ɗinkin da yatsa kusa da idonta mai gani, ta ce, "Ba laifi." A bakin Mma wannan lambar yabo ce. Sannan ta tambayi 'yan matan ko ina damunsu da surutu, suka ce e, ta ce ta sani.

Talata na zo da tsohon zane da takalmin roba. Mai gadi ya ara mini addarsa, ya wasa mini ita da kansa, ya yanko mini sanda mai ƙugiya ta janye ciyawa. Damina ce, ciyawar ta kai ƙugu. Rabona da riƙe adda tun ina budurwa. Kafin awa ɗaya bayana ya ƙage, tafin hannuna ya yi ruwa. 'Yan ajinmu suka jeru a taga suna kirana Kaka mai tsallake, sunan da ya bi ni har na gama kwalejin. Wata ta ɗauke ni hoto, na ce idan na gan shi a wayar wani, ita da ɗinkin bikinta sai dai ta nemi wani tela.

Masta aikinsa ne ya duba wanda aka ba horo, amma ya kasa bi ta wurin. Sau uku ina hango shi ya fito, ya gan ni a sunkuye, ya juya. Wajen azahar ya zo da ruwan leda biyu a hannu, ya waiga hagu da dama, ya ce, "Mma, kawo addar." Na ce ina horo. Ya ce, "Idan tsohuwata ta ji na tsaya ina kallonki kina noma, ba zan shiga gida ba." Ya naɗe hannun riga ya kama sara, da taye a wuyansa. Na zauna a inuwa na sha ruwa, ina nuna masa inda ya tsallake. Muna cikin haka mataimaki ya ɓullo ta kwanar ofis da fayil a hammata. Ya tsaya, ya dubi mai ladabtarwa yana noma, ya dubi mai laifi tana fifita da kwali. Ya cire tabarau ya goge, ya juya ya koma ta inda ya fito.

Kafin in tashi ranar na cike fom ɗin eksiyat na gobe, saboda sunan jikata. Masta ya sa hannu.

Laraba gidan surukaina ya cika. An yanka rago, an dafa shinkafa da tuwo, ana ta zuba sobolo, wato zoɓo. Ni hannuwana duk sun yi bororo, ko ludayi na kasa riƙewa, jaririyar ma sai a cinya aka ɗora mini ita. Ina zaune na jiyo muryar Mma a tsakiyar tsofaffin mata, ta baje farin mayafinta.

"Korar ta za su yi," take cewa. "Manyan mutane uku, da takardu, da shaida. Da ban je ba da yanzu tana gida. Na ce musu ku dubi furfurata. Sai babban ya cire gilashi ya ce, Mma, saboda ke mun sassauta, noma kawai za ta yi."

Matan suka yi ta cewa Allah ya saka wa uwa, wata ta juyo ta ce mini in gode wa Allah da ya bar mini ita. Mma ta hango ni, ko kunya babu, ta ɗaga murya ta ce, "Ke, ba ki gaishe da mutane ba ne?"

Na miƙa jaririyar ga uwarta, na tashi da ƙyar ina dafa gwiwa, na je na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.